Farantin hasken rana da mayafin Hajja

Lokacin kaka ne, an gama yankan riɗi, kuma shekarar ta yi albarka har mutanen garinmu Gadarif, a nan Sudan, suna tafiya da ɗan taƙama. A rediyo muka ji gwamnati ta yi doka, ta cire kuɗin jamarik, wato na kwastan, a kan kayan wutar hasken rana, don haka sun yi sauƙi a kasuwa. Na dinga bin maigida a hankali, yau da shayi, gobe da jabana, gahawarmu ta nan, har ya sayo faranti ɗaya da batir.

Ɗakunanmu na ciyawa ne, ba wurin ɗora shi a sama. Sai aka kwantar da shi kan wani tsohon gado a tsakar gida. Kwanakin farko yara suka yi karatu da ƙwan lantarki, maƙwabta na kawo waya caji. Daga nan wuta ta fara mutuwa tun kafin isha'i.

"Kin ga abin naki ko?" in ji maigida. "Jibi zan mayar wa mai shago. Fitilarmu ta gas ba ta taɓa yi mana haka ba."

Raina bai so ba. Ni na kawo maganar, kuma na ɗanɗana ɗinki ba hayaƙi.

Washegari malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ba ta zo ba, na dawo da hantsi. Ina shiga na tarar da farantin lulluɓe da tsohon mayafi, an danne gefensa da duwatsu. Hajja, uwar maigida, na zaune a inuwa tana gadinsa.

"Sannu da hutawa, Hajja. Wa ya rufe shi?"

"Ni mana. Ku yaran yanzu ba ku san darajar kaya ba. Abu mai tsada haka a bar shi rana na dukansa? Kullum kina fita nake rufe shi, sai la'asar in buɗe ya sha iska."

Na durƙusa, na danne dariya. Na ce, "Hajja, ai shi rana ce abincinsa. Kamar kuɓewa yake, in bai sha rana ba, ba ya yi."

Ta ce, "To, ashe! Da kin faɗa."

Na sanar da maigida, ya yi dariya har da tari, ya ce ni zan ji da ita, shi ba ruwansa. Ya ƙara mini kwana biyu.

Kashegari na dawo na samu mayafi ya tafi. A madadinsa Hajja ta shanya yankakkiyar kuɓewa a kan farantin, ba wurin sa yatsa.

"Ba kin ce ɗabi'arsu ɗaya ba? Sai su sha tare. Ga shi da santsi, ba ƙasa."

Na ce, "Gaskiya ne, Hajja."

Da gari ya waye na aro tsani da igiya, na sa maigida da ƙanensa suka kafa dogayen sanduna huɗu, muka ɗaure farantin a can sama inda hannu ba ya kaiwa. Tun daga ranar wuta ba ta sake mutuwa da wuri ba. Ita kuma na wanke mata sabon fallen kwano don shanya, na taya ta yanka kuɓewa.