Keken Ɗinki Ba Allura

Na yi yawo daga Agadas har Fatakwal, amma telan da ya yi wata uku yana koyo bai taɓa riƙe allura ba, sai a gida na gan shi. Ɗan ƙanwata ne, daga Karare.

Ya yi aure, geron gonarsu bai kai su ko'ina ba, sai ya ɗaure jaka zai tafi kudu acaɓa. Uwarsa ta zo mini da kuka. Ni da bakina na ce ya dakata, akwai wurin koyon sana'a na gwamnati, an ce ma an yi wa shirin garambawul. Ya ce, "Kawu, in aka gama ban iya komai ba, tafiya zan yi." Na ce na ji.

Wata rana na hau babur na je ganinsa. Tun daga ƙofa nake jin kekuna, kar-kar-kar, raina ya yi fari. Ina shiga na ga samari a jere, kowa na taka keke, gumi na zuba. Ba zare, ba yadi. Na leƙa, ko allura babu.

Na ce wa mai koyarwar, "Malam, ina allurai?"

Ya ce, "Suna durowar oga, a kulle. 'Yan bara sun kakkarya, masu bincike suka zo suka yi faɗa. Gyaran da aka yi ke nan. Bana ko ɗaya ba ta karye ba."

"To, ɗinkin fa?"

"Alhaji, dubi ƙafar ɗanka mana."

Na duba. Wallahi ƙafa kam ta iya.

Ranar yaye su, manya suka zo. An rataye riguna a bango, wai aikin ɗalibai. Ta tsakiyar tawa ce, wadda na kai wa telana na kasuwar Safana, kullum sai ya ce mini jibi. Aro aka yi. Babban baƙo ya shafa wuyanta, ya jinjina kai. Na fi kowa tafi, ai rigata ake yabo.

Muna fitowa ɗan nawa ya miƙo mini takardar shaida, ya ce, "Kawu, jakata dai tana nan a ɗaure."

Na ce, "Hau babur."

Sai Safana. Na ce wa telan, "Ka kai rigata yawo ba izinina. Ga hukuncinka nan, ka koya masa."

Ya yi dariya, ya ɗora shi kan keke. Ɗan nawa ya saki ƙafa, keken ya kama gudu.

Telan ya ce, "Kai! Wannan ko Batsari zai kai mu. Ƙafa an gama, saura hannu."

Ya ba shi allura. Ɗan nawa ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Baba, ina ne saman?"

A ranar, allura biyu ya karya. Telan ya ƙaro masa ta uku.

Bayan sati matar ɗan nawa ta kwance jakar. Wandon farko da ya ɗinka nawa ne, ƙafar hagu ta ɗan fi ta dama tsawo. Har yau ina sa shi, ina ɗan karkacewa in zan tsaya.