Madubin Si Lahdar Ya Ƙone Ana Gobe Baiko

Tun muna 'yan mata nake aiki da Nuwara a ma'aikatar madubai ta garin Satif, ni ina wanke gilashi, ita tana awo. Mace ce gajera, ba ta da yawan magana, sai taurin kai kamar ƙofar da ta sha ruwa. Ina sonta, amma ta sha ƙona mini rai.

Madubin leza, wato na na'urar nan mai harba haske mai ƙuna, ba irin na ɗaki ba ne. Shafi ake yi masa sirara-sirara a cikin tukunyar ƙarfe, kuma duk shigi akan haɗa da ɗan gilashi guda da muke kira shaida. Shi Nuwara ke ɗauka, ta auna hasken da yake mayarwa da wanda yake shanyewa, sannan ta yi ta ƙara masa wutar leza har sai ya ƙone. Inda ya ƙone, nan ƙarfin sauran ya tsaya.

Mai yin shafin kuwa Si Lahdar ne, dattijo mai ji da aikinsa. Ɗansa na neman Salma, 'yar Nuwara, an tsayar ranar Juma'a za su zo a karanta fatiha. Ana gobe sai ga gilashin shaidar wasu madubai da ya yi wa wani asibitin ido. Ko rabin wutar da ake buƙata bai ɗauka ba ya ƙone.

Na ja ta gefe na ce, "Don Allah ki rufa mana asiri, ki bari sai Lahadi in an dawo aiki. Kin san halin mutumin nan, yana iya fasa zuwa."

Ta ce, "Motar asibitin da yamma za ta zo."

"To ki ce na'ura ta lalace mana."

"Ke ce kika lalace, Yamina."

Ta je da ƙafarta ta kira shi, ta nuna masa tabon ta gilashin ƙara girma. Ya daɗe a sunkuye. Shi ya san abin da ya yi: sauri yake ya kai matarsa wurin maƙerin zinariya, ya buɗe tukunyar ba ta gama hucewa ba, danshi ya shiga shafin.

Ya ɗago ya ce, "Yau ɗin nan, Nuwara?"

Ta ce, "Idon wani ne, Si Lahdar."

Ya fita, mota ta koma wayam. Wallahi ranar na ji haushinta.

Juma'a muka cika tire da baƙlawa, alawarmu ta biki, Salma ta yi kwalliya, aka yi la'asar shiru. Yarinya ta shige ɗaki tana kuka, uwar kuwa tana ta goge kofunan da na riga na goge. Sai dab da magariba suka iso, uwar ango da 'yan'uwanta, Si Lahdar a baya da rigar aiki. Ashe ma'aikata ya koma ya sake shafin. Kafin ya zauna ya zaro sabon gilashin shaida a naɗe, ya ajiye a gaban Nuwara.

Ya ce, "Fatiha yanzu. Wannan kuma Lahadi, kada ki tausaya masa don mun zama surukai."

Ta jefa shi a aljihu ta ce, "Yaushe na taɓa? Zauna, kofi ya huce."