Shekarar da Muka Ji Tsoron Ruwan Sama

A ƙauyenmu babu wanda ke ganin hadari ya ɓata rai, sai mu a shekarar shari'ar gonar Baba. Har yau idan na ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari sai gabana ya faɗi, kafin in tuna cewa an daɗe da wuce wurin.

Gonar tana bayan gari, gawo a tsakiyarta, gamba a iyakarta. A nan kakanmu ya yi noma har ya rasu, Baba ya ɗora. Kwatsam sai ɗan baffan Baba, wanda muke kira Baffan gidan gabas, ya ce aronta ubansa ya ba kakanmu. Aron da ya tsufa har ya yi jikoki! Aka je gaban alƙali, tsofaffin gari suka yi shaida, aka bar wa Baba gonarsa. Muka sha kunu muka ce an gama. Ashe Baffa ya ɗaukaka ƙara zuwa birni.

Ni ce ke koyarwa a firamaren garinmu, don haka duk abin da ya shafi Turanci a gidanmu a kaina yake ƙarewa. Ni na raka Baba zaman farko, a ƙarshen bazara, ana zafin da ko kaza ba ta iya rufe baki. Baba mutum ne da idan ya yi tsawa a gona ana ji a bakin kasuwa. Amma da muka shiga ɗakin kotun nan, ya ga alƙalai a can sama, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna suna rusunawa, sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na ɗauko masa su, kunya da tausayi duk sun ishe ni.

Ba a daɗe ba aka tashi. Babban alƙalin ya tambaya ko akwai wanda ya fara aikin bana a gonar. Lauyanmu ya ce babu, lauyan Baffa ma ya ce babu. Sai aka ba da umarni kada kowa ya taka gonar, kada a shuka, kada a nome, har sai an yanke hukunci. Wanda ya karya, ya raina kotu, kuma gidan yari na jiransa.

Sai da muka fito harabar kotun na fassara wa Baba tiryan-tiryan a gaban lauya. Na ga fuskar Baba ta sauya.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, muryarsa can ƙasa, "ai na riga na yi binne."

Lauyan ɗan birni ne, sai da na yi masa bayani. Idan ruwa ya kusa, manomi kan sari busasshiyar ƙasa da sungumi ya zuba irin gero ya rufe da diddige, iri ya kwanta yana jiran ruwan fari. Baba ya yi nasa tun makon da ya wuce, shi kaɗai da sassafe kamar yadda ya saba, bai ɗauke shi abin faɗa wa kowa ba.

"Wa ya gan ka, Baba?" lauyan ya tambaya.

"Allah."

"To ni kuma na riga na ce wa kotu babu. Ranar da geron nan ya tsiro, cewa za su yi bayan umarni ka shuka. Ka yi addu'a kawai."

Addu'ar me? Abin da na yi ta tambayar kaina ke nan a mota har gida. A roƙi Allah kada ya yi ruwa? Na ji haushin lauyan da bai tambaye mu ba kafin ya buɗe baki, na ji haushin Baba, na fi jin haushin kaina da na zauna kusa da shi ina jin Turancin ban juya na tambaye shi ba.

Inna ta ce a je a tone irin. Na ce da ita shiga gonar ma laifi ne, kuma a garinmu gona na jingine da gona, ba ka iya yin atishawa a taka maƙwabci bai ce maka yarhamukallahu ba. Sai muka koma kallon sama. Kullum da rana Baba zai fito tsakar gida ya dubi gabas, ya koma ya zauna. Tuwo ya daina wuce masa. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida sai Inna ta dafe ƙirji, ni kuma ina aji alli a hannuna amma kunnena na kan titi.

Ruwan ya yi jinkiri, mutane suka fara damuwa, liman ya sa a fita roƙon ruwa. Baba ya fita, don rashin fitarsa ma abin magana ne. Da ya dawo na tarar da shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"'Yar nan," ya ce, "na ɗaga hannu tare da jama'a, amma wallahi bakina ya ƙi cewa amin. Wane irin mutum na zama?"

Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na ga shari'ar nan ta shiga har tsakaninsa da Ubangijinsa.

Bayan la'asar ɗin wata Laraba hadari ya haɗo. Yara suka cika layi suna ihu, mata suna fito da bokitai, mu muka shige ɗaki muka yi tsit kamar gidan makoki. Ruwa aka yi na gaske.

Da kwanaki suka ɗan ja, Baba ya ce in zo mu je mu gani, gara ya gani da idonsa. Muka tsaya a bayan gamba, ba mu taka ko ƙafa ɗaya ciki ba. Geron ya fito tsaf, kore shar, layi-layi daga gabas zuwa yamma yadda Baba ke shuka. Sai Baba ya ƙanƙance ido ya nuna da haɓa.

"Wancan ba hannuna ba ne."

Wasu layukan ne suka gitta nasa, daga kudu zuwa arewa, tazararsu ta fi ta Baba faɗi. Ashe Baffa ma ya yi nasa binnen, iska da sawun awaki suka shafe wa kowa alamar ɗan'uwansa. Muna ɗaga kai sai ga shi can a ɗaya iyakar, tsaye da carbi, yana kallon abin da muke kallo. Ya rame kamar yadda Baba ya rame. Babu wanda ya yi wa wani sallama.

Da a ce wani ne ya ba ni labarin nan da na yi dariya har da hawaye. Amma tsoron bai ragu ba, sauya kama ya yi. Kullum muna tunanin wa zai riga kai ƙarar wani ya ce shi tun kafin umarni ya shuka. Ga shi duk wanda ya wuce ta hanyar kasuwa sai ya ga gonar da kotu ta hana a taɓa ta yi kore. Lokacin noman firi, na cire ciyawar farko, ya zo ya wuce. Baba na tsaye a bakin iyaka, hannu a baya, yana kallon ciyawa na shaƙe masa gero.

Da kaka aka kira mu jin hukunci. Baba ya sa riga biyu, ya cusa carbi da asuwaki a aljihu, ya yi wa Inna sallama irin ta wanda ba ya sa ran kwana a gida. A kotu shi da Baffa suka zauna a benci ɗaya, kowa gumi na bin wuyansa. Alƙalin ya yi ta karatu, ina kasa kunne in ji an ambaci shuka. Babu wanda ya ambata. Ko tambayar halin da gonar ke ciki ba a yi ba. An ce shaidar da aka karɓa a kotun farko ba ta cika ba, an soke hukuncinta, gona ta koma hannun Baffa.

Baba ya riƙo mayafina. "Me suka ce? Za su rufe ni?"

"A'a, Baba. Amma sun ba shi gonar."

"Ba za su rufe ni ba dai?"

"Ba za su rufe ka ba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya sauke ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. Wannan godiyar ta fi hukuncin yi mini ciwo. Gonar ubansa aka karɓe, tsoro ya sa yana hamdala.

Da bazara ta zagayo, wata safiya ina shirin makaranta na ga Baba ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙoƙon iri a hannu. Ya kai har bakin zaure, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya jingine sungumin a bango, ya miƙa wa Inna ƙoƙon ya ce ta jiƙa ta dama mana kunu.