Magaryar Bayan Gidanmu a Tandabawi

Jiya da la'asar aka ɗan yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya shigo mini ta taga, sai kawai na ji raina ya ɓaci. Da ina yarinya, jin wannan ƙamshi na nufin makarantar kakarmu ta kusa buɗewa.

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife ni, a wani gida da ke manne da gindin dutse. Ruwan sama a Makka baƙo ne. Sai lokacin sanyi yake leƙowa, wata shekarar ma ya manta da mu gaba ɗaya. To idan ya sauka, bayan 'yan kwanaki sai ka ga dutsen nan namu mai baƙin rai ya fara yin kore. A nan kaka za ta tattara mu, jikokinta da yaran maƙwabta, dukanmu 'yan firamare, ta tasa mu gaba mu hau. Tana haki tana yi wa gwiwarta faɗa, amma ban taɓa ganin ta fasa ba.

Dokarta ɗaya ce: kowa ya mayar da hannunsa baya. Wataƙila ba ka sani ba, abin da ya tsiro da kansa a cikin iyakar Harami ba a tsinkarsa, ba a tuge shi, ko tsuntsu ba a kora. Don haka da ido da hanci muka yi karatunmu. Ta nuna mana filasko, ta nuna mana tumfafiya, ta sa mu durƙusa mu kalli tururuwa na jan abincinta, tana kiran kowane abu da sunan da ta taho da shi daga ƙasar Sakkwato. Wanda hannunsa ya yi ƙaiƙayi kuwa, sandarta na nan kusa.

Can sama, a tsagar dutse, akwai wata magarya da ba wanda ya shuka. A ƙarƙashinta ake tashi daga karatu. Abin da ya faɗo da kansa shi ne namu, mu kakkaɓe ƙasa mu jefa a baki. Gefenta wata ƙaramar magarya ta fito, iyakarta gwiwata. Ni na fara ganin ta, shi ya sa na ɗauke ta tawa, kullum ina auna ta da ƙafata.

Ina ajin ƙarshe a firamare aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen layinmu. Za a rushe. Ranar da za mu kwashe kaya, na yi ta kuka a kan ƙaramar magaryar har mahaifina ya gaji, ya ɗauko diga da gwangwani. Kaka na zaune a bakin ƙofa.

"Inna, bari in haƙo ta mu tafi da ita," ya ce. "Shi ke nan ai, gobe katafila za ta bi ta kanta."

"Ajiye digar nan," ta ce. "Mai katafila shi ya san amsar da zai bayar. Hannun gidana dai ba zai tuge ta ba."

Ya ajiye. Ba lokacin 'ya'ya ba ne, na duba ƙasa ko ƙwallo ɗaya ban samu ba. Ba a jima ba aka baje dutsen, da magarya da filasko da gidan tururuwa, aka loda a manyan motoci. Mu da aka hana mu taɓa ganye ɗaya, muna kallo aka kwashe dutse guda. Har yau idan na tuna, ban san wa na fi jin haushi ba, mai katafila ko kakata. Na san tsoron Allah ne ya sa ta. Sanin bai rage mini ɗacin ba.

A gidan benen da muka koma, kaka ba ta sake tara yara ba. Babu inda za ta kai su. A can ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Yanzu 'yata ce ke firamare. Su ma suna da darasin fita waje: a zuba su a bas, a kai su lambun da aka shimfiɗa wa ciyawa kamar darduma, su sha lemo, a ɗauke su hoto, a dawo da su. Rannan tana aikin gida, na hango hoton magarya a littafinta na kimiyya. Na ɗora yatsa na ce ko ta san wannan itace. Da Larabci ta amsa, don Hausa nauyi take mata.

"Aiwa, Ummi. Na Afirka ne. Ba ya fitowa a nan."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna za ta ce in kai ta ta gani. Na ce ta juya shafi.