Mangwaron Sajan Bukenya

A unguwar Bwaise ta Kampala, inda ruwan sama ke shiga ɗaki ba sallama, babu wanda bai san mangwaron Sajan Bukenya ba. A reshensa buhun yashi yake rataye, a gindinsa kuma rabin samarin unguwar suka koyi kare haɓa. Sajan tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin daji da guntun ƙarfe a kwatangwalo da kunne ɗaya da ya mutu, sai ya ɗaura buhu a bayan gidansa ya fara koyar da dambe. In yaro ya kawo ƙarar an doke shi, mataccen kunnen Sajan ke juya masa. In kuwa yaron ya ce bai karya ba, nan take lafiyayyen ke juyowa. Shi ya sa ake ƙaunarsa.

Mubiru yana saurayi Sajan ya kama shi a kan bishiyar, riga cike da mangwaro.

"Sauko, ɓarawo. Ɗan wane dangi ne kai?"

"Dangin Gaiwa, Baba."

"Ni Barewa ne. To, Gaiwa, tunda hannunka na da sauri haka, zo mu sama masa aikin yi."

Daga ranar sunan ya bi shi. Mubiru bai taɓa zama zakara ba. Waɗanda suka ci kambu sun haye jirgi, sai dai a ga hotunansu. Shi ya zauna, yana acaɓa da safe, da yamma yana tare wa yara naushi, har furfura ta fara leƙo masa. Sau ɗaya wani gidan motsa jiki na masu hali ya neme shi ya zama kocinsu. Da ya faɗa wa Sajan, tsohon ya buga sanda a ƙasa.

"Ina za ka? Wannan filin naka ne. In na kwanta dama, wa zai riƙe yaran nan in ba kai ba?"

Mubiru ya haƙura da aikin, amma matarsa Nassali ba ta yarda ba. "Maigida, tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa jin Gaiwa ta gaji Barewa?" Shi ma ya sani, kamar yadda kowa ya sani, magaji daga cikin dangi yake fitowa. Amma ai ba mashi da mayafin da ake ba magaji yake nema ba. Fili ne da bai wuce shimfiɗar 'yan tabarmi ba, da bishiya guda, kuma soja ya ba shi kalma.

Da ciwo ya kwantar da Sajan, Mubiru ne mai wanki, shi ne mai dama kunu. Wata safiya tsohon ya ce, "Tayar da babur, ka kai ni wurin Dattijo Lubega, babban danginmu, in gyara maganar filinka tun ina da numfashi." Mubiru ya ɗaure shi a bayansa da zanen Nassali don kada ya zame, ya bi hanya a hankali yana kauce wa ramuka. A ƙofar gidan ya tsaya, don bare ba ya shiga zancen dangi. Yana jira ya sayo gasasshiyar ayaba, abin da Sajan ya fi so. Tsohon ya fito yana murmushi, ya ce, "An gama, Gaiwa."

Ba a daɗe ba Sajan ya rasu. Ranar jana'iza Bwaise ta cika ta batse. Tsoffin sojoji suka ƙame, 'yan dambe suka yi ta kuka ba kunya. Cikin mayafan ɓawon itace da aka kawo don naɗe gawar bisa al'adarsu, na Mubiru ya fi kowanne faɗi.

Bayan 'yan watanni aka taru da hantsi don naɗa magaji. Aka yafa wa Matovu, ɗan ƙanen Sajan, mayafin ɓawo, aka miƙa masa mashi. Wannan Matovu mai wurin wankin motoci ne, kuma duk tsawon jinyar ko lemo bai taɓa kawowa ba. Mubiru bai damu ba, nasa yake jira. Sai Dattijo Lubega ya gyara murya ya faɗi abin da mamacin ya bari da bakinsa: gida da filin da ke bayansa duka na magaji ne, ya yi yadda ya ga dama. Tun ba a tashi ba, Matovu ya fara tambayar wa ya san mai zarto.

Mubiru ya bari aka watse, ya durƙusa gaban dattijon.

"Baba, ko dai an manta wani abu ne? Ya ce da ni ya gyara maganar filin."

Dattijon ya ƙura masa ido. "Au, kai ne mai babur ɗin nan? Ai ranar ya gyara ta. Ni da kaina na ce ko a bar wa yara wajen dambensu, ya ce a'a, ƙasar Barewa ba ta fita hannun Barewa."

"Bai ko ambace ni ba?"

"Ya ambata mana. Na ce, bawan Allahn da ke jiranka a rana fa? Ya yi dariya, ya ce a bar shi, Gaiwa ne, ko tafki ya ƙafe ba ya mutuwa."

Wallahi da maƙiyi ne ya yi masa haka, da da sauƙi. Mubiru ya miƙe. Ya je ya kwance buhun yashin, ya ɗaure shi a bayan babur, daidai inda ya taɓa ɗaure mai shi. Yaran suka biyo shi suna tambaya, "Koci, gobe a ina?" Ya tayar da babur ya tafi.

A gida Nassali ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ajiye masa abinci, bai taɓa ba. Can ya ɗago, idanunsa jawur.

"Ba filin ne ke ci na ba, Nassali. Ayabar nan ce. Ranar da na kai Sajan, ya fito daga ɗakin ya karɓa a hannuna, ya ce ta yi zafi. Ni kuma na tsaya ina hura masa."