Na auna Kopi, aka tafi da shi

Sau uku na auna karen nan daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, sau uku ina samun santimita hamsin da huɗu.

Ankul Lim, dattijon da ke ƙasan benenmu a Bukit Jalil, shi ya roƙe ni in auna shi da ya ji na gama karatun likitan dabbobi. Karensa Kopi whippet ne, siriri kamar karnukan farautarmu na gida. Gasar nuna karnuka yake so ya kai shi, in kuma bai dace ba, ya mayar wa mai kiwonsu a canza masa wani.

Tunda abokan karatuna suka koma Najeriya, Kopi kaɗai ke murnar ganina da safe. Ban taɓa ganin ƙwallo ta dira sau biyu bai cafke ta ba.

"Dakta, boleh?" in ji Ankul, wato ko zai yiwu.

"Ƙa'ida ta ce kada namiji ya wuce hamsin da ɗaya, Ankul. Ya haura da uku. Amma ai ka ga gudunsa."

"Alƙalan ba zomo za su sakar masa ba. Tsayawa zai yi su kalle shi."

Ran Asabar aka zo da mota aka ɗauke Kopi. Yau kwana huɗu ke nan ban yi magana da kowa ba sai mai kedai, wato ɗan shagon unguwarmu.

Na san da na rage ukun nan, Ankul ba zai sake aunawa ba. Don Allah, da ku ne, nawa za ku ce masa?