Garin Inna da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan manta shekarar da Inna ta koma garinsu tana kwance a ɗakina ba.

A wani gungu aka haife ta, tsibirin da ruwan Kainji ya shanye tun tana yarinya. Da ciwon kai abin ya fara, sai farfaɗiya. In ta farfaɗo, fuskarta ta yi fes, ta ce ta je gida: ga tsamiyar bakin mashaya, ga kakarta tana shanya kifi, hasken ruwa yana rawa a jikin bukkoki. Ni kam, Allah ya gani, daɗin labarin nake ji. Ina tsefe mata kai, ina tambayar wa da wa ta tarar.

Muka ce mutanen ruwa ne, aka yi ta hayaƙi da tofi. Da zazzaɓi ya rufe ta, wuyanta ya sanƙare, muka bar Yelwa sai babban asibiti a Sakkwato.

Likita ya ɗaga hoton kanta, ya nuna wani ɗan ƙullutu. Ya ce tsutsa ce ta yi gida a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin cuta suka shiga gidan, ya tara mugunya, dole a yi aiki. Da ya ce irin tsutsar alade ce, yayanmu ya miƙe yana naɗe tabarma. Wai an zagi uwarsa, gida za mu.

Na riƙe bakin rigarsa. "Yaya, in ka kai ta gida, gawa ka kai. Tsaya ka ji ƙarshen magana."

Likitan ya ce ba sai an ci naman ba. Ƙwan tsutsar yana bin ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, ko hannun mai tuya. Yaya ya mai da tabarmar ƙasa, ya yarda.

Aka yi aikin, Inna ta tashi, muka koma Yelwa. Amma wata rana da hantsi, muna bakin ruwa, ta daɗe tana kallon tsakiyar tafki.

"Ɗiyata, mi kuka yi? Kun cire ciwon, kun haɗa da garinmu."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Tun ranar na gane, jin kunyar sunan ciwo yana iya kashe mai shi. Inna ta rasa gungunta sau biyu, mu kuwa muka samu Inna.